Ku Faɗa Mini Lardina Kafin A Sayar Da Shagon Baba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Rabon Tallafin Karatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Ranka ya daɗe, sunana Ɗanlami Garba, malamin firamare a unguwar Madagascar a nan Yawunde, haifaffen unguwar Briqueterie da muke kira Birik. Shekarata tara ina koyarwa. Sau uku na rubuto maka da Faransanci, kowace takarda da tambur ɗinta, wato kan sarki, ban ga amsa ba. Wannan karon na zo da Hausa, don na san kana ji. Na taɓa tsayawa bayanka wajen mahautan unguwarmu kana cinikin cinyar rago, kuma ko dala ba ka bar musu ba. Abokaina sun ce mai cin albashin gwamnati ba ya ɗaga murya a wannan zamani. Na ji tsoro, har yanzu ma ina ji, amma duk ƙofofin da na sani na ƙwanƙwasa su, wannan ce ta rage.

Ga maganar a taƙaice. Wata jami'a a Faransa ta ba ni gurbin karatu na shekara biyu, kuma in ban isa ba zuwa ƙarshen Oktoba, gurbin ya tafi. In ba tallafinku, hanya ɗaya ce ta rage, wato mahaifina ya sayar da rabin gidanmu har da shagon da yake ɗinki a ciki.

Na ɗaya: abin da nake son karantawa.

A Faransance sunansa psychologie scolaire, wato sanin abin da ke hana yaro fahimta a aji, da yadda za a taimake shi kafin a yanke masa hukunci. Baba yana ce masa "likitancin daƙiƙai", na gyara masa har na gaji. Ba a littafi na tsinci sha'awar abin ba. Ƙanwata Ladi ta shekara uku a aji ɗaya, aka rubuta a takardarta cewa kanta ba ya ɗauka, aka sallamo ta. Sai da ta yi aure ta je haihuwa wata nas ta gano kunnenta na dama ba ya ji. Duk shekarun nan a jikin bangon hagu aka zaunar da ita, kunnen mai ji yana sauraron bango. Yau atamfa take sayarwa a kasuwar Mokolo, tana lissafi da ka cikin harshe uku, ni mai digiri sai na laluba aljihu na nemo biro.

Yanzu yara sama da saba'in ne a ajina. Da yawansu 'yan Birik ne, sun shigo da Hausa ko Fulatanci, ba su san ko kalma ɗaya ta Faransanci ba. Kowace shekara, ni da hannuna, nake rubuta wa wasunsu abin da aka rubuta wa Ladi, saboda ban san wani abin da zan rubuta ba. Wannan yana ci mini rai. Shi ya sa na yi shekaru ina tashi daga aji in taka da ƙafa zuwa tudun jami'a, har na samu digirina na farko.

Na biyu: ba da ka na zaɓi Faransa ba.

Hanya uku na auna, ni da matata Rabi. Ta farko a nan gida take, kwas ɗin masu ba ɗalibai shawarar sana'a. Ina kwana a ɗakina, albashina yana tafiya. Sai dai aikinsu da manyan ɗalibai ne masu shirin fita kwaleji, ni kuwa nawa tun a ajin farko suke faɗuwa. Duk da haka da zan karɓa, amma shigarsa sai da jarrabawa, kuma fom ɗin jarrabawar yana da irin gurbin da zan yi maka bayani yanzu.

Ta biyu Najeriya ce, ita ce mafi araha, dangin kakata a Kano za su ba ni ɗaki da tuwo. Amma da Turancin Ingilishi ake karatun, in na dawo kuma sai na sake bin ofis-ofis kafin a yarda da takardar. Ban da wannan, wani akawu a ofishinku ya riga ya ce mini yana dariya, "To ka koma gida mana ka yi." In na tafi can, na sa masa hannu ke nan.

Ta uku Faransa. Kuɗin makarantar ba shi da yawa, zaman ne mai tsada. Tikiti, ɗaki, abinci da kayan sanyi na shekara biyu sun kai faran miliyan ɗaya da rabi, kuma wanda ya tafi ba da tallafinku ba albashinsa tsayawa yake. Ni faran dubu sittin nake ɗauka. Wannan albashina ne na wata ashirin da biyar, in har ni da Rabi da 'ya'yanmu biyu za mu yi azumin wata ashirin da biyar ba shan ruwa. Amma can ne kaɗai ake koyar da ainihin abin da nake nema, shi ya sa na kawo muku takarduna tun watan Fabrairu.

Na uku: gurbin da ya kayar da ni.

A fom ɗinku akwai wani ɗan gurbi da bai kai tsawon yatsa ba, an rubuta province d'origine, lardin asali. Kowane lardi da kasonsa na tallafi. Ba na jayayya da wannan tsari, na san an yi shi ne don kada waɗanda suka riga shiga boko su kwashe komai. Tambayata ita ce, ni ina aka ajiye ni?

Kakana bafatake ne, daga ƙasar Kano ya shigo da kanwa da baƙin yadi tun zamanin Jamus. A nan ya zauna, a nan aka binne shi. A Yawunde aka haifi Baba, a Yawunde aka haife ni. Don haka na rubuta Tsakiya-Kudu, lardin da Yawunde take ciki. Akawun wannan teburin bai ma buɗe takardun ba. Hulata ya kalla, ya nuna mini ƙarshen baranda ya ce, "Alhaji, naku yana can." Na ce masa a nan aka haife ni. Ya tambaye ni sunan ƙauyenmu da na danginmu a cikin 'yan ƙasa, na kwashi takarduna na nufi ƙarshen barandar.

A teburin Arewa wani Bafulatani na samu, mutumin kirki, har kujera ya ba ni. Ya ce da Hausarsa mai daɗi, "Malam, ni ba ni da matsala da kai. Kawo mini takarda daga sarkin da ya san mahaifinka a Arewa, yau ɗin nan in sa ka a layi." Baba kuwa bai taɓa wuce Obala ba, nan kusa da Yawunde.

Ban zauna ba. A hutun Afrilu na hau jirgin ƙasa zuwa Ngaoundéré a Arewa, don an ce kakana ya yi zango a can. Na yi kwana shida ina bin zauruka, har na samu wani tsoho da ya tuna sunan. Ya ce, "Ƙwarai, ya sauka gidan babana. Baƙo ne, ya yi damina ɗaya ya wuce." Hukumar can ta ce ba ta sa hannu a kan matafiyi, kuma gaskiyarta ne. Na dawo da kilishi da zazzaɓi.

Daga nan aka ba ni shawarar da ake ba kowa a Birik, wai in ari ƙauye. Da kuɗi kaɗan za a samo mini takarda cewa an haifi Baba a wani gari kusa da Garoua. Na san waɗanda suka yi, ba zan kama suna ba, kuma ba na ganin laifinsu. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na yarda zan yi. Sai da na kai wa Baba maganar, don sai ya dangwala yatsa, ya ɗago kai daga keken ɗinki ya ce, "Ni da aka binne cibiyata a bayan ɗakin nan, a mai da ni ɗan garin da ban taɓa shan ruwansa ba? In haraji ne ai sun san ƙofar gidana." Na ji kunya ƙwarai, ban sake tayar da zancen ba.

Wata bakwai ke nan takarduna suna tsakanin tebur biyu. Ba a ce na faɗi ba, ba a ce na ci ba, babu wanda ya duba makina.

Na huɗu: abin da na aikata.

Wannan sashen ya fi yi mini wuyar rubutawa. Da Baba ya ga zirga-zirgar ta yi yawa, ya kira ni shago bayan Azahar ya ce in bar muku kuɗinku. Ashe ya riga ya gama magana da maƙwabcinmu Alhaji Bello, dillalin shanu, wanda ya daɗe yana son gaban gidanmu. Shagon ne da ɗakuna biyu. A ɗaya daga ciki Gwaggo Asabe take zaune tun rasuwar mijinta, a shagon kuma Baba ya shekara arba'in yana ɗinki, nan ne majalisarsa, nan ne abincinsa. An kira shaidu su zo ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. Na roƙe shi, na turo masa liman, na turo masa Inna. Amsarsa ɗaya ce: "Ba shawara nake nema ba."

Ranar Alhamis na rasa yadda zan yi. Na shiga shagon na durƙusa na ce, "Baba, tallafi ya fito." Ƙarya na yi wa mahaifina, ni da nake hukunta yara a kan ƙarya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga hannu ya yi hamdala, ya aika aka ba Alhaji Bello haƙuri.

Ni a tunanina kwana kaɗan nake saye kafin amsarku ta zo. Ban lissafa da mutanen Birik ba. Shaidun da aka kira cinikin gida sai suka ci shinkafar sadaka. Mahauta suka aiko da nama kyauta. Mata suna ta kawo wa Rabi yaji da daddawa da kuka, wai kada in rame a ƙasar Turawa. Iyayen yaran ajina suna tare ni a hanya suna cewa in yi sauri in dawo. Baba kuwa ya je Mokolo ya sayo tsohuwar kwat a gwanjo, ya farke ta don ya ga yadda Turawa ke yanka ta, yanzu sabuwa yake ɗinka mini, ya sa mata bargo a ciki. Idonsa ya yi rauni, Rabi yake kira ta zura masa zare a allura. Ita kaɗai ta san gaskiya. Takan zura zaren ta fito ta wuce ni. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce, "Malam, ni ba zan iya ci gaba da kallon tsohon nan ba."

Mako uku ke nan. Duk bayan kwana biyu sai ya kira ni gwaji, in tsaya in buɗe hannuwa, yana zagaya ni da alli yana cewa na rame, ko ɗokin tafiya ne.

Na biyar: abin da nake roƙo.

Ina roƙo a rubuta mini, da hatimi, lardin da nake ciki. In Tsakiya-Kudu ne, a karɓi takarduna a can ko da hula a kaina. In Arewa ne, a ɗauke mini sharaɗin takardar sarki, tunda ba ni da inda zan samo ta sai ta hanyar ƙarya, ni kuwa wadda na yi ta ishe ni. Bayan haka a auna ni da makina kamar kowa. In wani ya fi ni, a ba shi, wallahi zan je in yi masa murna.

In kuma hukuncin shi ne ba ni da lardi a ƙasar da aka haifi ubana, to shi ma a rubuta. Ba ni kaɗai ba ne, gidaje da yawa a Birik haka suke, gara mu sani tun yaranmu suna ƙanana.

Ina roƙon amsar ta zo kafin tsakiyar Oktoba, don biza da tikiti suna cin kwanaki.

Ranka ya daɗe, Baba ba ya karanta boko, amma wannan takarda a jarida ma za ta fito, ba za ta kwana biyu ba wani zai karanta masa ita a majalisa. Ba zan bari ya ji a bakin wani ba. Gobe in Allah ya kai mu zan durƙusa inda na durƙusa in faɗa masa da bakina. Na san shi, ba zai zage ni ba, ba zai ɗaga murya ba. Zai soke allurar a jikin kwat ɗin, ya sa hularsa, ya tafi gidan Alhaji Bello. Wannan karon ba ni da abin da zan faɗa ya tsaya, don ba zai sake yarda da maganata ba. Takarda mai hatiminka ce kaɗai za ta dawo da shi daga ƙofar gidan nan.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama da iyayenka lafiya. Allah kada ya kai ɗanka ranar da zai tsaya gabanka yana yi maka ƙarya don tausayinka.

Wassalam.

Ɗanlami Garba
Malamin firamare, Briqueterie, Yawunde