Ƙofar da Ta Rufe da Ƙanena a Ciki

Inna Sun-deok, ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Mijina injiniya ne. Shi ya tsara na'urar da ke rufe ƙofofin ƙarfe na jirgin ruwan yaƙi da kanta idan ruwa ya ɓalle, ba sai wani ya taɓa ba. Ƙanena Tae-gon kuma sojan ruwa ne, a ɗakin inji yake aiki. Bara jirginsu ya bugi dutse cikin hazo. Na'urar ta rufe ƙofa, jirgi bai nutse ba, kowa ya tsira sai Tae-gon, don yana ciki ta rufe.

Masu bincike sun ce na'urar ta yi daidai. Mijina dai ya ajiye aiki. Yanzu a gidanmu ba ya yarda a rufe ƙofa, ko ta banɗaki. Mahaifiyata ko sunansa ba ta son ji. Wata mai zuwa za mu taru a gidanta mu jera shinkafa da miya don tunawa da mamacin, kamar yadda al'adarmu take, ta ce kada ya tako mata gida. Ni kaina, Inna, ina sonsa, amma in muna cin abinci ba na iya kallon hannunsa. In rabu da shi ne?

Mai baƙin ciki, daga Jinhae

'Yata, ba zan yaudare ki ba, wannan ciwon ba ni da maganinsa. Mahaifiyarki ɗa ta rasa, rahoton masu bincike ba zai sanyaya mata zuciya ba. Mijinki kuwa aikinsa ya mayar da 'ya'yan mutane gida, amma bai mayar da ƙanenki ba, kuma ya fi kowa sani.

Ki je taron ke kaɗai, kada ki roƙi tsohuwa abin da ba ta da shi. Mai yiwuwa har ta koma ga Mahaliccinta ba za ta yafe ba, ki shirya wa hakan. Shi kuma ki kai shi wurin likita a makon nan, kada ki jira ya nema. Ke ma ki shiga a duba ki.

Maganar rabuwa ki jingine ta sai baɗi. In har lokacin zaman ya gagara, ba mai ganin laifinki. Allah Ya ba ki ƙarfin ɗauka.