Injin da Ya Yarda da "Da Sauƙi"

Lahadi, 5 ga Oktoba
Sun rage mu. A sashenmu da ke gwada manhajojin AI kafin gwamnati ta bari a yi aiki da su, makon jiya mu tara ne, yau ni kaɗai ce sai Rafiu. Takardar ta ce "gyaran tsari". Kujerun dai suna nan, su ba a sallame su ba.

Talata, 7 ga Oktoba
An jibge min aikin mutum huɗu. A ciki har da manhajar da za ta riƙa yi wa leburori marasa lafiya tambayoyi a asibitin da ke kusa da unguwarsu ta Asian Town, ta tsara wanda zai fara ganin likita. Wai tana jin Hausa. To, madalla.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Tana ji kam, har ta yi yawa. Na rubuta mata: ƙirjina na ciwo, hannuna ya yi sanyi, amma da sauƙi. Ta tura ni ƙarshen layi. Sau goma na gwada, sau goma. Wa zai gaya mata cewa Bahaushe ko numfashi yake ja da ƙyar, "da sauƙi" zai ce?
Da can kwamiti ke zama a kan irin wannan, wata biyu cur. Yanzu kwamitin ni ce.

Lahadi, 12 ga Oktoba
Dakta Badaruddeen, shugaban sashe: "Hajiya, yalla, yi sauri, sa hannu kawai. Kalma biyu ce fa, sa gyara daga baya." Ya kuma tuna min, cikin ladabi sosai, cewa takardar zamana a ƙasar Larabawan nan da aikin nan take tafiya.
Na kasa zama a ɗaki. Na zagaya layinmu na unguwar Old Airport har mai shagon shayi ya fara kallona.

Litinin, 13 ga Oktoba
Mashud, mai gadin ƙofarmu, ɗan Gumel. Ƙafafu a kumbure, ya dafa bango.
"Malam Mashud, ya jiki?"
"Da sauƙi, Hajiya, alhamdulillahi."
Asibitin da za a sa wa manhajar nan yake zuwa.

Talata, 14 ga Oktoba
Ba komai. Na share teburi sau biyu.

Alhamis, 16 ga Oktoba
Na mayar da fayil ɗin ba sa hannu, da shafi uku na dalili. Ba jarumta ba ce, ni dai ba na son sunana a ƙasan aikin banza. Dakta ya ce "khalas", wato shi ke nan, bai ɗago kai ba.
A hanyar gida na tsaya wajen masu sayar da manyan akwatunan tafiya. Dubawa kawai na yi.