Haƙorin da Nake Yanke Zare da Shi

Litinin, 3 ga Maris

Likitar haƙori ta ce haƙorina na gaba yana girgiɗi, dasashin ma ya kumbura. Ta kankare, ta wanke, sai da na yi ƙwalla. In bai kama ƙasa ba zuwa tsakiyar watan gobe, za ta cire shi. Haƙorin da nake yanke zare da shi tun ina koyon ɗinki!

Da na sani da ban tafi da Auta ba. Duk abin da likitar ta faɗa, yarinyar nan ta haddace.

Laraba, 5 ga Maris

Na zo shago, Auta ta ɗauke kofin shayina daga gefen keken ɗinki. Robar ruwa ce a wurin. Wai kurɓar shayi mai sukari kaɗan-kaɗan daga safe har yamma ta fi shanye shi gaba ɗaya ɓarna, don haƙori ba ya samun hutu. To ni da ruwan banza zan ɗinka wuyan riga? Abincin rana kuma: kifi, alayyafo, ƙwai, ɗan cuku, da karas da ta yanka siri-siri don in tauna da haƙoran ciki.

Na ce, "Auta, ni zomo ne?"

Ta ce, "Baba, ai zomo haƙoransa ƙalau."

Uwarta na jin mu, ko tari ba ta yi ba. Bakinsu ɗaya.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta rataya mini ƙaramin almakashi a wuya da igiya, kamar ɗan makarantar da ake tsoron ya yar da makulli. A gaban masu kawo ɗinki! Sau nawa na kai zare baki, sai in ji abin yana bugun ƙirjina. Haushi kamar in fashe.

Alhamis, 13 ga Maris

Lemu da safe, madara babu sukari, tuffa bayan abinci, a kuskure baki. Na gaji.

Litinin, 17 ga Maris

Labari ya kai kunnen Yaya. Shi da haƙoran gabansa suka zube tun tuni, nake ce masa Mai Taga, in ya yi magana in ce a rufe, iska na shigowa. Yau ya shigo shago yana washe giɓinsa.

"Ƙanina, na ji za a buɗe maka taka tagar. Barka da zuwa unguwarmu."

Mai shayin da ke kusa da mu har da riƙe ciki. Shi ma munafuki ne. Na yi masa ido ya haɗo mini mai kauri, ya ce wallahi Auta ta riga ta biyo ta wurinsa. Duk layin nan an mayar da ni abin kallo. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho, in ji mai shayin. Wa ya tambaye shi?

Juma'a, 21 ga Maris

Na goge baki ban ga jini ba. Ban gaya wa kowa ba, kada kan Auta ya ƙara girma.

Lahadi, 30 ga Maris

Yaya ya ci abinci da mu. An zuba nama, na lura bai taɓa ba. Burodi ya yi ta tsomawa a romo yana mulmulawa da dasashi. Na buɗe baki zan tsokane shi, sai na fasa. Da Auta ta fita ɗauko ruwa ya dubi farantin karas ɗina, ya yi ƙasa da murya.

"Ka ci abin nan. Ni da na samu mai takura mini haka..."

Ya ce rabonsa da ya ciji tuffa har ya manta ƙararta. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Likita ta taɓa haƙorin, ta sake taɓawa. Ta ce dasashin ya lafa, za a bar shi tukuna, in ci gaba da yadda nake yi. Yadda nake yi! Auta sai murmushi take kamar ita ta shuka shi. Na ce mata dama can haƙoran gidanmu masu taurin kai ne.

A hanya na tsaya wurin mai kayan lambu, don kawai karas ɗinsa ya yi kyau yau. Na ce wa Auta ta goga rabi ya yi laushi, ta haɗa da dafaffen kifi a kai wa Yaya. Ta tambaya, "Mai Taga?" Na ce kada in ƙara jin sunan nan a bakinta, baffanta ne.

Na tuɓe riga zan yi wanka sai na ga almakashin a wuyana. Yau kuwa ba ita ta rataya mini ba.