Dutsen da Na Auna

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Lesja. Ya ƙafar Baba? Ƙanena Sindre yana ba zomona abinci kuwa? Ni lafiya lau. Sanyin nan ba komai, sai dai yatsuna da safe.

Mama, na yi kuskure wurin farauta ranar Talata. Goggo Torhild ta ba ni na'urar auna nisa, na ce mata mita ɗari uku. Ashe dutsen da ke bayan barewar na auna. Ta harba, barewar ta zura da gudu. Kin san ba a barin dabba da rauni, mu kuwa mun zaci an same ta, sai muka bi sawunta da kare har awa biyar, ina kuka a ɓoye. Can muka hango ta tana kiwo, ko ƙwarzane babu. Harsashin ta samanta ya wuce.

Sai lokacin na iya gaya wa Goggo kuskurena. Ta ce, "Yarinya, dutsen kam kin auna shi daidai. Gobe mu harbo shi mu yi miya."

Washegari ta sake miƙo mini na'urar.

A turo mini jar safar hannuna. Allah ya bar mu tare. Don Allah kada Sindre ya ji.

'Yarki,
Ingunn