Gaiwar da Ta Fito Daga Bangon Ɗakin Matata

Zuwa ga Baturen Kifi, mai kula da tafkuna da rafukan ƙasarmu.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Sunana Tanko, manomi ne ni a wani ƙauye kusa da Ƙafin Maiyaki, ƙasar Kiru. Da hannuna na rubuta wannan, don na yi ajin yaƙi da jahilci, in ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri. Na biyo da ita ta jarida ne saboda na riga na bi ta ofis, kuma za ka ji inda ofis ya kai ni.

Na farko, ranka ya daɗe, ni ba maƙiyin dokarka ba ne. Tun da 'ya'yana suka karɓi noma, ba ni da abin hutawa sai in ɗauki fatsata bayan la'asar in zauna a bakin tafkin bayan gari. Ba sana'a nake yi ba. Wata rana in samu 'yar karfasa, wata rana in dawo sauro ya ci ni a banza, duk daɗinsu ɗaya gare ni. Na ga yadda masu zuba magimfa suke kashe kifi manya da ƙanana har tafkin ya kusa zama kango. Saboda haka da ka zo bara ka ce a daina kamu daga faɗuwar ruwa har zuwa kaka don kifi ya hayayyafa, kuma duk wanda aka kama a mayar da shi da ransa inda aka same shi, ni na fara cewa madalla. Na rataye fatsata a ƙusa, ban sake taɓa ta ba.

Na biyu. Da bazara, tafkin ya janye, bakinsa ya tsattsage, na sa aka haƙo laka aka yi wa matata Kande sabon ɗaki. Magini yana sauri, sai ya jera wasu manyan curin laka a bangon yadda aka haƙo su, bai farfasa ba. Ran da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da azahar, Kande tana tankaɗe a ciki, sai ta ga bango yana motsi. Kafin ta gama salati ya tsage, wata gaiwa mai tsawon kamu guda ta faɗo cikin garin tuwo. Kowa a nan ya san gaiwa takan shige laka ta yi barci in ruwa ya ƙafe, ta jira damina. Wannan ta yi barcinta a tafki, ta farka a gidana. Ban kira ta ba, ban sa mata tana ba.

Kande ta ce in yanka a yi miya, ba wanda ya gani. Da na ji maganarta! Amma na ce a'a, doka doka ce. Na tsoma gaiwar a randar ruwan shanmu, na je na kira mai gadin da ka naɗa wa tafkin, Kofur Audu, tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Bama.

Na uku. Kofur ya zo, ya leƙa randa, ya leƙa ramin da ta fito, ya ce, "Baba Tanko, a ina aka same ta?" Na nuna bango. Ya ce, "To, oda ta ce a mayar da ita inda aka same ta." Muka cusa ta a ramin, ta zamo. Muka sake cusawa, ta sake zamowa. Aka kira magini ya yaɓe ta a ciki, ya ce shi ba zai binne mai rai ba, yana da lahira a gabansa. Na ce to mu kai ta tafki mana, ga shi can ana hangowa. Kofur ya ce Allah ya kiyaye, ɗauke kifin gwamnati daga wani ruwa zuwa wani sai da takarda. Saboda haka tana nan a randa har yau. Mu kuwa a maƙwabta muke roƙon ruwan sha. Ni ke haƙo mata tana kullum, ni ke kamo mata kwaɗi, da tsufana. Kofur yana zuwa kowace safiya a kan keke, ya buɗe randa, ya ƙame, ya sara mata, ya tafi. Ni ko sannu.

Na huɗu. Kashegarin fitowar gaiwar, Kofur ya dawo da allo ya kafa a jikin ɗakin, an rubuta, AN HANA KAMUN KIFI A NAN. Ya ce tunda an sami kifi a bangon da damina, bangon ya zama ruwan gwamnati. Ba ni da ikon toshe ramin ko in yi yaɓe sai kaka, wai kada in dami waɗanda ba su farka ba. Da ya ɗaga kai ya ga fatsata a rataye, ya ce an kama ni da kayan kamu a bakin ruwa lokacin hani, ya tafi da ita. Ƙugiyar nan mahaifina ya bar mini ita. Yanzu duk ruwan da aka yi ta ramin yake shigowa, ramin ya kai a ce tunkiya za ta wuce, bangon ya fara sunkuyawa.

Na biyar. Na kai kuka wurin dagaci, ya ce shi ƙasa aka ba shi, ba ruwa ba. Na tako har ofishinka, aka ce ka fita rangadi wajen Doguwa. Akawu ya zaro takarda ya ce sai an cike. Ya tambayi sunan ruwan, na ce ɗakin Kande, ya rubuta. Ya tambayi zurfinsa, na ce in an yi ruwa sosai yakan kai idon sawu, ya rubuta. Ya tambayi ko akwai kada a ciki, na ce sai dai surukata in ta zo, wannan ma ya rubuta. Bayan mako uku amsa ta iso. An yaba wa Kofur da gano sabon ruwa mai suna Ɗakinkande, an ce za a sa shi a taswira, ana kuma neman sanin ko kwalekwale zai iya ratsa shi.

Na shida, batun mutunci. Ni mutum ne da ake tsayar da ni shaidar aure. Yau in na shiga kasuwar Tudun Wada sai a tashi ana cewa ga Sarkin Ruwa. Wani masunci ya zo takanas daga wajen Bebeji, ya yi sallama, ya durƙusa, yana neman izinin jefa birgi a ɗakin matata in an buɗe kamu, kuma ba ba'a yake yi ba. Makon jiya gaiwar ta ciji Kofur a yatsa yana ƙoƙarin auna ta. Ya ce ita ba ta kamuwa tunda doka ta tsare ta, sai ya rubuta sunana a matsayin wanda ya zuga ta.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, ba shi da yawa. A ba da takardar da za ta kai wannan baiwar Allah tafki, tafiyar da ba ta kai ta zuwa masallacin Juma'a ba. A cire allon, a bar ni in yi yaɓe tun bango bai danne mu ba. A soke Ɗakinkande daga taswira kafin a aiko mana da kwalekwale. A maido mini da fatsata, na yi alkawari ba za ta ga ruwa ba sai an yanke gero. Kofur kuwa kada a kore shi, ba mugu ba ne, oda ce ta yi masa yawa. A dai fahimtar da shi bambancin tafki da ɗaki.

Ina kuma roƙo a hanzarta. Yau da hantsi wani wuri a bangon, daidai saman murhu, ya kumbura, yana ɗan motsi. Ban gaya wa Kofur ba, kai na fara gaya wa. Randa ɗaya gare mu, mai ita tana ciki. Abin da ya rage a ƙarƙashin wurin nan tukunyar miya ce, Kande kuma ta riga ta jiƙa daddawa, ta ce ita ba ta iya karanta allo ba.

Allah ya ja kwananka, ya ƙara maka basira, ya yawaita kifi a ruwanmu, ya tsare bangon gidanka daga abin da ke cikin nawa.

Wassalam.

Ni ne mai biyayya,
Tanko mai fatsa, ƙasar Kiru.