Inna, Ta Ina Ake Buɗe Littafin Tsuntsuwa?

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, a makwancinta.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda kika koya mana, ina fata Allah Ya yalwata miki inda kike, Ya sanyaya shi. 'Yarki Rabi ce ke rubuto miki daga ɗakinki na unguwar Karantina, nan Jidda. Kin san rubutuna ba wani mai kyau ba ne, na makarantar allo ne da ɗan abin da na tsinta daga baya, sai ki yi haƙuri da shi. Na san ba za ki karanta ba. Ko kina raye ma ai ni zan karanta miki, ke kina tsinkar ganyen mulukiya na miya kina gyara mini magana.

Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarki, Inna. Muna nan lafiya. Rufin kwanon da kike ƙorafi a kansa yana nan yana dafa mu, iskar teku kuma tana shigowa da gishirinta ta manne a jiki. Jiragen alhazai sun fara isowa. Da safe in na ji kukansu daga mina, tashar jiragen ruwa, sai in tuna yadda kike ɗaga kai ki ce, "Ga 'yan'uwanmu nan sun iso," ko da kuwa mutanen Jawa ne a ciki.

Labarin Auta na kawo miki. Maryamarki tana da ciki, ya shiga wata bakwai.

Ba sai na tuna miki biyun da suka wuce ba. Na farko ya zube, na biyu ya zo bai yi kuka ba, ke kika yi masa wanka da hannunki. Shi ya sa wannan karon ta yi kamar babu shi. Ba ta ambatonsa, ba ta ɗora hannu a kansa. Mijinta Sale ya ce mini in ya motsa sai ta miƙe ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar inda ta riga ta share. Na je har unguwarsu Ruwais na ce ta haɗa kayanta ta dawo gida goyon ciki, tun da ba ta taɓa goyo ba, haka aka saba. Ta dube ni ta ce, "Gidan wa, Yaya? Goyon ciki gidan uwa ake zuwa." Na dawo ban iya cin abinci ba.

Bayan kwana biyu na buɗe akwatinki na ƙarfe ina neman wani zane, sai na ci karo da littafin tsuntsuwa a can ƙasa, a naɗe cikin kallabinki. Har yanzu yana ƙamshin sabulu da bula.

Kin tuna ranar da kika kawo shi? Daga gidan Nasaran nan na bakin teku inda kike wanki, 'ya'yansu sun girma sun yar da shi, bangonsa ya yage gaba da baya. Kika ce ke ba za ki ga takarda a shara ki wuce ba. Tun daga ranar, in an yi la'asar kika shanya wankin ƙarshe, sai ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni a gefenki, Auta a cinyarki. Hannuwanki duk sun yi fari sun yamutse saboda ruwa. Ki goge su a zane, ki ce, "Ko littafin wasa ne, da bismilla ake buɗe shi."

Rubutun da ke ƙarƙashin hotunan ba ruwanki da shi, hotunan kike bi. Da kin buɗe, ga wata ƙatuwar farar tsuntsuwa ita kaɗai a kan teku, ta baje fikafikai, ba gaɓa ko ta ina. Ki ce ta daɗe tana tafiya, gida take nema. Ta wuce wani jirgin ruwa, matuƙa suna ɗaga mata huluna. Ta huta a kan wani dutse ta ci kifi. Ta ratsa hadari. Kowane shafi kika juya sai ta ragu, gashinta ya koma toka-toka, fikafikanta su gajarce, har ta kasa tashi sai tsalle. Na taɓa tambayar ki me ya sa take ƙanƙancewa. Kika ce, "Haka hanya take yi wa mai rai. Ni ma da na baro gida doguwa ce, ki tambayi Gwaggonki."

Daga nan sai ga ta a sheƙa, 'yar mitsitsiya, a ƙarƙashin fiffiken uwarta. Shafin ƙarshe kuma ƙwai ne guda ɗaya mai ɗigo-ɗigon shuɗi, a cikin ciyawa, ba motsi. Ki sassauta murya ki ce, "Ta koma gida, ta huta." Kullum a nan Auta take ɓare baki, kullum kuma gobe ita ce za ta fara jawo littafin.

Ni sai da na girma na fara jin abin da kike ji. Shekara huɗu kika yi a hanya daga ƙasar Hausa, kina tsinkar auduga a Sudan don ki kai zango na gaba, kika hayo teku a jirgin katako kina amai. Ba ki sake ganin garinku ba. Ran nan ma da na ɗan kwanta bayan azahar, littafin a ƙirjina, na yi mafarkinki. Kin zama 'yar ƙarama kamar tafin hannu, kina zaune a sheƙa da kallabinki, kina ce mini in kwashe shanya kafin ƙura ta taso. Teku kuma ta zo har bakin ƙofarmu, tana taɓa dokin ƙofa a hankali kamar mai sallama. Na farka ina dariya, fuskata a jiƙe.

A nan tunanin ya zo mini. Na ce in Auta ba za ta zo don ni ba, wataƙila ta zo don tsuntsuwarki. Zan tara mata ranar Alhamis bayan la'asar, a sha shayi da na'ana'a, a ci funkaso da dabino, a yi mata addu'a. In ɗinka hotunan littafin a ƙyallaye takwas in rataye su a bangon tsakar gida, ta shigo ta tarar da labarinki ya kewaye ta. Na karɓo guntayen yadi wajen masu ɗinki, na jawo kekenki na ɗinki, na zuba masa mai. Tekun da tsohon zanenki shuɗi na yi ta. Ki yafe mini, na yanka shi.

Gwaggo Asabe, abokiyar tafiyarki, ta leƙo ta tarar da ni cikin zare. Da na faɗa mata sai ta riƙe haɓa. "Ke Rabi, yaushe muka fara yi wa ciki taro? Mu sai an sauka, an ga rai, sannan a yi suna. Wannan a gidan wa kika gano shi?" Na ce ba cikin zan yi wa ba, uwar zan yi wa. Ta ɗaga ƙyalle ɗaya ta juya shi, ta ce, "To wannan kuma agwagwa ce ko jaki?" Da ta ji zan dafa ƙwai in ɗiga musu bula don su yi kama da na littafin, sai ta hau salati, wai mai ciki da ƙwai, so nake a haifa mana ɓarawo. Na yi mata alkawari baƙi kaɗai za su ci. Washegari sai ga ta da farin mayafinta na aikin Hajji, ta jefa mini a cinya ta ce in yi fikafikan da shi, tun da na nace. Ta juya da sauri don kada in ga idonta.

Ranar Asabar Hajiya Batula ta biyo ta gidan. Kin san ta, ungozomar nan Bahaushiyar Sudan, wadda ta yi aikin asibiti a can kafin ta hayo, ita ce ke duba Auta. Na shimfiɗa mata ƙyallayen a jere, na fara ba ta labarin kamar yadda kike bayarwa. Ta ce in miƙo littafin. Ta sa tabarau, ta juya shi, ta sake juyawa, sai ta fashe da dariya har mayafinta ya zame.

"Ya Rabi, ya binti, Allah Ya jiƙan Hajiya Hajara! Wannan ai littafin Nasara ne, ta hagu ake buɗe shi. Ku ta ƙarshe kuke farawa."

Ta buɗe ta wancan gefen tana nuna mini da yatsa. Ƙwai ne a farko. Sai ya tsage, sai ɗan tsako ya fito, uwar ta ciyar da shi, ya koyi tsalle, ya koyi tashi, yana girma shafi bayan shafi, har ya zama ƙatuwar tsuntsuwar nan ya kama hanyar teku. Ta ce abin da rubutun ke faɗa ke nan, halas, magana ta ƙare.

Inna, ban yi dariya ba. Kunya ce ta fara kama ni a madadinki, sannan haushi, na karɓe littafina na ce mata shayinta ya huce. Shekara kusan talatin, ashe ta baya muke bi. Bayan ta tafi na zauna ina kallon kekenki. Ke da ba ki taɓa riƙe wani littafi ba sai Alƙur'ani, ta ina za ki buɗe in ba ta dama ba? Girmamawar da kika sani ita kika yi masa.

Kwana biyu ban taɓa zare ba. Na ce a raina ba mai gyara wa uwata labari. Amma duk sanda na jera ƙyallayen yadda kika koya mana, sai idona ya tsaya a na ƙarshe. Ƙwai a ciyawa, ba motsi, ba sauti. Shi zan rataya wa yarinyar da ta haifi ɗa bai yi kuka ba? Shi za ta zauna tana kallo, mata suna shan shayi? A nan na gane abin da na kusa yi mata da hannuna.

Jiya da hantsi na saka littafin a jaka na hau mota zuwa Ruwais. Duk hanya ina tsoro, don ban san yadda za ta ɗauka ba in na ce mata Inna ta baya take buɗewa. Abin da ya rage mata naki ke nan. Na tarar da ita tana tsince shinkafa. Na faɗa mata komai, har da jakin Gwaggo Asabe.

Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ture faifan, ta goge hannu a zane kamar yadda kike yi, ta ɗauki littafin. Ta yi bismilla ta buɗe ta hagu, hannunta yana karkacewa don bai saba ba. Ta daɗe a kan ƙwan. Ta juya. Wannan shafin mun gan shi sau ɗari, ɗan tsako rabinsa a cikin ɓawo, ke kina cewa shiga yake yi yana jawo ƙofa. Ta zuba masa ido, bakinsa a buɗe. Ta ce, "Yaya, kuka yake yi." Na ce e, kuka yake yi.

Sai ta yi dariya, Inna. Rabona da jin dariyarta tun kina kwance. Ta ce, "Kai, Inna dai! Shekara da shekaru tana mayar da 'yar mutane cikin ƙwai, mu kuma muna ta hawaye." Dariyar ta juye kuka, muka yi tare, shinkafa ta zube ba wanda ya kula.

Muna cikin haka cikin ya motsa, na gani ta saman rigarta. Na jira ta miƙe ta nemi tsintsiya. Ba ta tashi ba. Ta kamo hannuna ta ɗora a wurin, ta ɗora nata a kai, muna ji yana harbin mu. Can ta ce, "Alhamis kika ce ko? Yalla, ki faɗa wa Sale ya kawo ni da akwatina. Amma ƙwan ki sa shi a bakin ƙofa, da shi za a fara."

To shi ya sa na zauna rubuto miki, in nemi izininki. Gobe zan juya miki labari a cikin gidanki. Ƙwan zai tsaya a ƙofar shigowa, babbar tsuntsuwar kuma a can ƙarshe kusa da ɗakinki, inda Auta za ta riƙa kwana har ta sauka. Ban ce kin yi kuskure ba. Ke abin da ya same ki kika gani a ciki, kika faɗa mana gaskiya. Ni in kewarki ta dame ni, ta dama zan ci gaba da buɗewa, ni kaɗai, in raka ki har gida. Wannan yaron dai a bar shi ya fara daga farko.

Ban san abin da Allah Ya rubuta ba. Hajiya Batula ta ce kwanciyarsa daidai ce, amma haka aka ce a na biyu. Tsoron yana nan, sai dai yanzu mu biyu muke ɗauke da shi.

Ya Allah, Ka jiƙan Inna Hajara, Ka haskaka kabarinta, Ka sada ta da iyayenta da ta bari a can ba ta sake gani ba. Ka sauki Maryama lafiya. Ka ba mu wannan da rai, ya zo da kuka mai ƙarfi har maƙwabta su ji, mu goya shi, ya girma a gabanmu. Amin.

Ki huta lafiya, Inna. Sauran fiffike ɗaya ban ɗinka ba, bari in je in ƙarasa.

Taki har kullum,
Rabi
Karantina, Jidda