Farin da Ya Afka wa Lakwal

Madarumfa, ƙarshen sanyi

Zuwa ga ƙanena Hamisu, a Arlit.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hauwa da ƙananan yara, ya kare ka a wurin aiki, ya sa albarka a abin da kake samu. Mu nan lafiya muke. Gwiwar Inna Ɗelu ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa bakin tabki ba sanda. Tanko ya dawo daga ci-rani da rediyo da tari. Safiya ta sauka lafiya, mace, an yi suna a Gabi.

Takardarka ta iso. Na karanta, na ajiye, na bari zuciyata ta huce, don da na amsa a ranar da ba ka iya nuna wa Hauwa abin da na rubuta ba. Ka ce tunda an soke shekarar karatu, in kai 'yarka Mardiyya garin Ɗan Issa ta riƙa tsare shagon Maman, wai lakwal, makarantar bokon, ta zama wasa. Fushinka ban ga laifinsa ba, nawa ya fi naka. Malamai ba albashi, azuzuwa a kulle, manya suna Yamai suna taro a kan taro, yarinyar da ta kusa zana jarrabawar burebe kuma an ce mata duk abin da ta karanta bana bai shiga lissafi ba. Amma kai kana can nesa ka yanke hukunci a kan 'yar da rabonka da ita tun ba ta kai kafaɗata ba. Don haka zauna ka ji abin da ba ka gani ba.

Da aka sanar, Mardiyya ta kwashe littattafanta ta cusa ƙarƙashin gado, ta kwanta. Ba kuka, sai kallon rufin ɗaki. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Na yi mata alkawarin atamfa. Na kawo mata labarin mutanen da na karanta a littattafai, waɗanda suka sha wuya suka ci nasara. Ta saurare ni da ladabi, ta ce mini su ai ba a goge musu shekara da soso ba. Bakin nan namu ne, ban san wa zan kai ƙara ba.

Inna ce ta shigo zancen, kuma ta ƙofar kuskure. A rediyo an fassara sunan soke shekarar daga Faransanci da cewa farar shekara, ita kuwa da kunnenta na yanzu sai ta ji shekarar fari. Ta kira ni hankali tashe, wai ashe fari ya afka wa lakwal ba wanda ya gaya mata. Na yi bayani har na gaji, ta ce in rufe mata baki, ta ga fari tun ban san hannun damana ba, kuma ba a taɓa maganinsa da kwanciya ba, tabki ake sauka. Washegari ta fizge zanen rufar Mardiyya, ta kira ta uwar ragwaye, ta tasa ta gaba har lambu, ta yanka mata fangali nata na kanta, ta ba ta irin albasa da butar ban-ruwa.

Shukar farko awakin maƙwabcinmu Sule suka cinye. Ta biyu yarinyar ta cika mata ruwa ta ruɓe. Na zaci Inna za ta yi faɗa ko ta lallashe ta, ba ta yi ko ɗaya ba. Kullum da yamma tambaya guda take mata: yau me ya fito? In ta ce babu, Inna ta ce to, gobe. Ta ukun ce ta kama. Ranar da koren ya huda ƙasa, Mardiyya ta shigo gida da taɓo har gwiwa, ta ci tuwo kamar mai huce haushi.

Sai Inna ta koma kan farinta. Ta tambaye ta ina ta adana irin lakwal, don wanda ya bar iri ya lalace a shekarar fari, ko ruwa ya dawo ba abin da zai shuka. Mardiyya ta yi dariya ta ce yana cikin kanta. Inna ta ce kan nan da ta sani rumbu ne mai yoyo, gara ta yafa irin a wani wuri ya yi rai kafin damina. Ban san yarinyar ta ɗauki maganar ba.

Hamisu, ran nan na sauka lambu neman yakuwa, na tarar da abin da har yanzu ban daina tunawa ba. Ƙarƙashin mangwaron Ɗan Baba, 'ya'yan masu lambu da na masunta sun yi layi a ƙasa, 'yarka tana tsaye da kara a hannu, tana rubutu a kan damshin da tabki ya janye ya bari. Kowane yaro da ɗan filinsa, yana zana baƙi da yatsa, in ya ɓata ya shafe ya sake. Wani ya ɓata har ya fara hawaye, ta durƙusa ta ce masa nata ma awaki sun taɓa cinyewa. A bayansu ga 'yan ajin su Mardiyya su ma sun zo, suna gardama a kan lissafi. Littattafan da ke ƙarƙashin gado suna kan tabarma, duk sun yi taɓo. Don ta koya wa ƙanana, dole ta buɗe su, da ta buɗe kuma ba ta sake rufewa ba. Na tsaya bayan zana na kasa ƙarasawa. Na dawo gida ba yakuwar.

Satin da ya wuce wani lissafin kusurwa ya gagare ta, ta yi kwanaki tana juya shi. Na ce ta kawo in nuna mata. Ta ce mini: Gwaggo yi haƙuri, kada ki tone mini shuka. Da ta warware shi ba ni ta fara gaya wa ba, Inna ta kai wa, wadda ba ta san alif ba a boko, tsohuwa ta duba takardar a juye ta ce madalla, ya fito.

To, ka ji. Mardiyya ba za ta Ɗan Issa ba. Maman ya nemi mai tsaron shago a wani gidan. Ba na ce maka za a buɗe lakwal gobe, ba na ce za ta ci burebe, wannan na Allah ne. Amma ranar da aka buɗe, za a same ta a shirye. Abin da nake so gare ka, ka rubuto mata da hannunka. Kada ka yi mata wa'azi, na riga ka, bai yi aiki ba. Ka tambaye ta me ya fito, ka jira amsa. Direban da zai ba ka takardar nan yana ɗauke da ƙullin albasa, tata ce, ka ci ka san wa ka haifa.

Inna tana gaishe ku, har yanzu bayan kowace salla tana roƙa wa lakwal ruwa. Na daina gyara mata, amin nake cewa. Ka gaida Hauwa da Zakari da Firdausi, ka ce wa Abdoul Aziz ban manta da shi ba. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Zahara'u